Hannun da Iliasu Ya Bari a Sama

Ayigya Zango, Kumasi
Disamba, 1969

Ɗana Iliasu,

Bayan sallama, ina yi maka sannu da hanya. Boukari direban lorin goro ya dawo, ya ce da idonsa ya ga ka sauka a tashar Gaya ta bakin Kwara da akwatinka, kuma sai a ranar mahaifiyarka ta yarda ta ci abincin kirki. Lafiyarta ƙalau, ban da gwiwa. Ni ma kawunka lafiya, ban da kasuwa.

Tun da dokar nan ta fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana, Zango ya koma kamar bakin tsoho, nan haƙori, nan gurbi. Kai da aka kawo ka Kumasi a goye, ko hanyar masallacin Gaya ba ka sani ba, wai kai ne baƙo, don kawai a can aka yanke maka cibiya. Ni da mahaifiyarka Yaya Lariya aka ce 'yan Salaga ne, haifaffun Gana, mu zauna. Mun zauna, amma ba daɗi.

Mun yi sallar Idi a filin da ka yanke mana. Sahu ya ragu, sai dai ciyawar ta kwanta lumui, har liman ya sa maka albarka a cikin addu'a.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da ka dawo daga yankan filin aka ce maka lori zai tashi, ka kashe taraktarka a ƙofar gida ka ruga haɗa kaya, ka bar hannun yankan a ɗage. Dogon ƙarfen nan mai haƙora yana nan yadda ka bar shi, ya miƙe ta gefen tarakta, kansa ya wuce tsawon mutum. Na kira Buraima direban trotro, motar fasinja, ya zo ya sauke shi, sai Yaya ta fito da sandarta ta ce, "Kar kowa ya taɓa shi koraa, ko da wasa. Wanda ya ɗaga shi, shi zai zo ya sauke shi." Ka san ita ta goya ni a Salaga ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba, in ta yi magana ba na ja da ita. Buraima ya sa hularsa ya tafi.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya riƙe shi? Na zagaya shi na sake zagayawa. Babu sarƙa, babu igiya, babu gungumen da aka tokare shi da shi, sai wani baƙin tiyo da bai kai kaurin rake ba. Da na ga babu mai kallona na kama shi na rataya da dukan nauyina, ko gezau bai yi ba. Na yi shekaru ina ganinka kana ɗaga shi kana sauke shi, ban taɓa tambaya ba, sai yanzu da ba ka nan. Ka gaya mini gaskiya, me ke cikinsa?

Kawunka,
Bashiru mai goro

Gaya
Fabrairu, 1970

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mma, a ce mata ta riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Ina lafiya. Dangin Baba sun karɓe ni, sun ba ni ɗaki, kuma na samu aikin kula da injin ban-ruwa a wata gonar shinkafa a bakin Kwara. Sai dai in na buɗe baki dariya suke yi, wai Hausata ta sha ruwan Asante. Na yi kewar dokunu, tuwon masarar nan na Kumasi, har ina mafarkinsa.

Kawu, babu aljani a cikin hannun nan. Mai ne kawai, man haidirolik, mu muna ce masa man hannu. Yana zaune a tankin da ke ƙarƙashin kujera. In inji yana aiki, famfo ya turo shi ta cikin baƙin tiyon da ka gani, ya shiga wata gorar ƙarfe da ke gindin hannun, wadda ake kira silinda. Shi mai, duk laushinsa, ba ya matsuwa. In ya cika gorar, dole ƙarfen da ke ciki ya ba shi wuri, sai hannun ya tashi. In na mayar da liba, sandar da nake sarrafa shi da ita, tsakiya, na rufe masa ƙofa ke nan, ba shi da hanyar komawa. Man da na kulle a ranar da na tafi, shi ne yake ɗauke da hannun har yau.

Shi ya sa nake roƙonka ka sauke shi. Ba sai an tayar da inji ba. Ka kori kowa daga gefen, ka tura libar nan mai jan kai gaba a hankali, zai sauko da kansa. Ba a barin ƙarfe mai haƙora a sama, kaya ne aka ɗora wa mai, kuma duk mai ɗauke da kaya yana iya gajiya.

Sannan ka kifa gwangwani a kan marfin tankin kafin ruwan sama ya sauka, akwai 'yar ƙofar iska a jikinsa.

Ka ce wa Mma ina neman takarda, amma ban ga alamarta ba tukuna.

Ɗanka,
Iliasu

Ayigya Zango
Yuni, 1970

Ɗana Iliasu,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Damina ta sauka da ƙarfinta, hanyar Buokrom ta zama kunu. Safura matar liman ta haihu, namiji. Gwiwar Yaya tana nan jiya-i-yau.

Na karanta wa Yaya wasiƙarka, har da maganar dokunu, ta yi dariya ta share hawaye. Da na iso wurin da ka ce a sauke hannu, sai na ɗaga kai na gan ta tana kallon bakina kamar mai jiran a ce ga ka a ƙofa. Na yi tari, na tsallake. Na tsallake maganar takardar ma, na ce kana hanya. Kai ma ka sani, mai karanta wa tsohuwa wasiƙa ba ya miƙa mata da ƙaya, sai ya cire. Haka muka taso muka ga ana yi.

Yanzu kuma abin ya wuce inda ka sani. Ta sa an ɗaura zana daga kan hannun zuwa katangar gida, ya zama rumfa. A nan take yini, tana ware mini ganyen da nake naɗe goro, a nan take sallar azahar da la'asar, a nan mata suke zuwa gaishe ta. Ta ce inuwar ɗanta ce. Na yi ƙoƙarin gaya mata ta ja tabarmarta gefe, ta ce, "Bashiru, yaushe ka fara koya mini inda zan zauna?"

Amma Iliasu, maganar man nan ta hana ni sakat. Na zuba man gyaɗa a tafin hannuna na dunƙule, ya tsiyaye ta tsakanin yatsuna ya bar ni da maiƙo. Abin da ya kasa tsayawa a hannun tsoho, shi ne ya ɗauki ƙarfen da ƙarti huɗu za su yi nishi kafin su ɗaga, ya riƙe shi tun azumin bara, ba ci ba sha, ba canjin kafaɗa. Ni ɗan dako nawa na gani a kasuwar Race Course, duk ƙarfin mutum sai ya sauke ya huta. Wallahi in na tsaya ina kallonsa da safe tsigar jikina tashi take yi. Na ba malaman zaure labari, ɗaya ya ce sihirin Nasara ne, liman ya ce a'a, Wanda ya sa ruwa ya ɗauki jirgi Shi ya sa mai ya ɗauki ƙarfe, Bature dai tsinta ya yi. Na fi yarda da liman.

Gwangwanin da ka ce na kifa, na kifa. Akuyar maƙwabciyarmu Sala ta hau kujerar ta ture shi, ban lura ba sai bayan an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na mayar da shi.

Kawunka,
Bashiru

Ayigya Zango
Oktoba, 1970

Ɗana Iliasu,

Lafiya dai? Tun damina ban ga layinka ba. Na tare Boukari ya ce lorinsa ya daɗe a gareji, in kuma ka ba wani saƙo to bai iso ba. Yaya tana tambaya kullum, ni kuma ƙaryata ta kusa ƙarewa. Mu dai muna lafiya.

Azumi ya matso, ciyawar filin Idi ta kai ƙugu. Dattawan unguwa sun zo mini, sun ce samarin da za su shiga da adda duk an kwashe su da dokar nan, ko taraktarka za ta yi aikin da ta saba. Buraima ya ce zai tuƙa, ya samo batir, inji ya tashi da tari da hayaƙi. Yaya ta yarda a tayar da inji, amma ta kafa ido a kan libar nan.

Da Buraima ya buɗe tankin ya tsoma kara, abin da ya fito ba mai ba ne, wani fari-fari ne kamar koko da madara. Ya ce, "Kawu, man nan ya ɓaci paa, ƙwarai kuwa, ruwa ya shiga. In muka yi aiki da shi famfo zai mutu." Shi kuma ya ce birki da giya ya sani, bai taɓa juye man hannu ba.

Ka rubuto mini yadda ake yi, dalla-dalla, yadda za ka gaya wa mai goro. Wani abokinka a Magazin, unguwar makanikai, ya ce zai ba mu sabon man.

Kawunka,
Bashiru

Gaya
Oktoba, 1970

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina gaishe ku, ina roƙon gafara da shirun. Na rubuto tun a watan Yuli, ashe bai iso ba. Zazzaɓin bakin kogi ya ɗan taɓa ni, amma na warke sarai.

Kawu, da na karanta cewa Mma tana yini a ƙarƙashin hannun nan, na ture kwanon abincina gefe. Abu na farko, kafin komai, a tashe ta daga wurin, a kwance rumfar, a sauke hannun har ƙasa. In ba a sauke ba, wani kaso na tsohon man zai maƙale a cikin silinda.

In an sauke, sai a tayar da inji ya ɗan yi zafi don man ya saki jiki, a kashe. A goge wurin marfin tas da tsumma mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya cinye famfo. A ajiye babban daro a ƙasan tankin. Akwai noti mai kai shida a can ƙasa, sifanar da ta dace da shi tana cikin akwatin da ke bayan kujera. A kwance shi, a buɗe marfin sama don ya sha iska, a bar shi ya tsiyaye har ya daina ɗiga. Zai kusa cika daron. Akwai rariyar ƙarfe a bakin tankin, a ciro ta a wanke da kananzir, a bar ta ta bushe. Sai a mayar da notin a ɗaure, a zuba sabon mai ta cikin ƙyalle mai kyau har ya kai zanen da ke jikin karan awo. Daga nan a tayar da inji, a ɗaga hannu a sauke, a ɗaga a sauke. Da farko zai riƙa rawa kamar mai jin sanyi, iska ce a ciki, za ta fita. In ya daidaita a sake duba man a ƙara. Tsohon man kada a zubar a kwata, ruwan rijiyar maƙwabciyarmu Balki yana kusa.

Sauran maganar mai nauyi ce. Na nemi takardar dawowa, an hana ni, kuma an gaya mini kada in sake wahalar da kaina. Wasu suna bi ta daji, ana kama su. Ba zan dawo ba, Kawu, sai in Allah Ya canza zamani. Ka gaya wa Mma yadda na faɗa, kada ka cire komai. Gara ta yi kuka sau ɗaya da ta yi ta jira a ƙarƙashin ƙarfe.

Ɗanka,
Iliasu

Ayigya Zango
Farkon azumi, 1970

Ɗana Iliasu,

Barka da shan ruwa. Mun gode Allah da ka warke. Mu ma lafiya, azumin bana da sauƙi, ana samun hadari.

Wasiƙarka ta iso. Na zauna zan karanta wa Yaya duka, na rantse maka da niyyata ke nan. Sai na tarar ta sa an wanke tabarmarka an shanya, wai ta yi mafarki za ka sha ruwa da mu kafin salla. Kai ka gaya mini, da wane baki? Na karanta mata gaisuwa da zazzaɓi da warkewa, na naɗe takardar.

Aikin kuwa mun yi shi, ni da Buraima, sai dai mun bar hannun a inda yake. Na ce a raina, a juye man tukuna, in an zuba sabo ranar tafiya fili sai in san dabarar da zan yi da ita. Da notin ya kwance, abin ya zubo da kauri, fari-fari, yana wari kamar tsohuwar fitila. Matan gida suka taru suna kallo kamar ana fiɗar bijimi. Na wanke rariyar nan da hannuna, na ga wasu 'yan ƙurar ƙarfe suna ƙyalli a cikin kananzir, na ce ashe ƙarfe ma yana cin kansa a ɓoye kamar mu. Tsohon man yana cikin garwa a rufe, ban bar shi ya kusanci rijiya ba.

Ga abin mamaki. Tanki ya zama fanko, babu ɗigo, amma hannun yana nan a sama, Yaya tana ƙarƙashinsa tana jan carbi. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Daron dai bai cika yadda ka ce ba. Buraima ya ce sauran yana cikin gorar ƙarfen, kamar yadda kai ma ka rubuta. Ya ce tun da ba za a taɓa liba ba, ga hanya mai sauƙi, a sassauta notin da ya haɗa baƙin tiyon da gorar, a tara kwano, man ya fito ta nan. Ka ga an fitar da tsohon mai, ba a taɓa libar da Yaya take gadi ba, kowa ya huta. Shi ya tafi da fasinja Tamale, ni zan yi da kaina bayan Juma'a, na riga na gwada sifanar ta shiga daidai.

Kawunka,
Bashiru

Gaya
Tsakiyar azumi, 1970

Zuwa ga Malama Abibatu, maƙwabciyarmu. Don girman Allah ki karanta wannan a gaban Kawu Bashiru da Mma, da ƙarfi, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Ina gaishe ku duka. Ina lafiya, amma hankalina ba ya jikina.

Kawu, kada ka taɓa notin tiyon nan. In ka riga ka ɗauki sifana ka ajiye. Man da ke cikin gorar shi kaɗai ne tsakanin ƙarfen nan da kan Mma. In ka buɗe masa ta nan ba zai ɗiga a kwano ba, zai fito da dukan nauyin da yake ɗauke da shi, yana iya huda fatar mutum, hannun kuma ya faɗo gaba ɗaya da haƙoransa. Juma'ar da ka faɗa ta riga ta wuce kafin takardarka ta same ni. Ina rubutu ban san ko wa nake rubuta wa ba.

Mma, ni ne Iliasu. Ban bar hannun nan a sama don alkawari ba, mantuwa na yi saboda sauri. An hana ni dawowa, kuma ba na jin za a bar ni. Ki yafe mini. Ki tashi daga wurin nan, Mma. In kina so in yi barci a garin nan, ki bari a sauke shi.

Ɗanku,
Iliasu

Ayigya Zango
Bayan ƙaramar salla, 1970

Ɗana Iliasu,

Barka da salla. Kwantar da hankalinka tun daga layin farko, mahaifiyarka tana raye, lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ni ma ina raye, kunya ce dai ba ta kashe ni ba.

Na taɓa notin. Ranar Asabar da hantsi na durƙusa da sifana da kwano, Yaya tana zaune a rumfarta tana ware ganye. Na yi bisimilla na murɗa kaɗan, ko rabin zagaye bai kai ba. Sai wani siririn mai kamar zare ya fito da ƙara, ya wuce ta gefen kunnena, ya huda ganyen ayabar da ke bayana ya fita ta ɗaya gefen. Hannun ya yi wani nishi da ban taɓa jin irinsa ba, ya sauko kamar taƙi ɗaya, zanar ta lotsa har ta taɓa ɗankwalin Yaya. Ban san lokacin da na mayar da notin na ɗaure ba. Na zauna a ƙasa. Ita kuwa ta ɗaga kai ta dubi zanar, ta dube ni, ta ci gaba da ware ganye. Na roƙe ta ta tashi, ta ƙi. Daga ranar na daina zuwa kasuwa, na zauna ina gadin ƙarfen nan ina jin tsoronsa.

Da wasiƙarka ta zo, Abibatu ta karanta kamar yadda ka ce, ba ta cire ko wasali ba. Yaya ta ajiye carbinta. Can ta ce a kawo sauran wasiƙun. Na kawo, Abibatu ta karanta su tun daga ta fari. Da ta gama, Yaya ta ce, "Bashiru, ashe tauna mini magana kake yi kafin ka ba ni, kamar jariri?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni na ɗauka yaron ne ya bar mini alama. Ashe ni na ɗora masa kaya yana can."

Ta sa aka kwance zanar, aka naɗe tabarma. Buraima ya dawo, ya nufi kujera, ta ce masa ya tsaya. Mu biyu muka ɗaga ta muka zaunar da ita a kujerarka, da gwiwar nan tata. Ta ce a nuna mata libar mai jan kan. Ta ɗora hannu a kai, ta daɗe tana motsa baki, sannan ta tura a hankali.

Iliasu, na yi zaton zai faɗo da ƙara. Bai faɗo ba. Ya sauko sannu-sannu, kamar mace za ta kwantar da jaririn da ya yi barci, har haƙoransa suka taɓa ƙasa ko ƙura ba su tayar ba. Muna cikin haka sai muka ji tsiyaya a cikin daro, domin na bar notin ƙasa a kwance. Man da ke cikin gorar ne ya dawo tanki ya fito. Shi ba fari ba ne, ruwan sama bai same shi ba. Garau yake kamar zuma, yadda ka kulle shi ranar da ka tafi. Liman da ke tsaye ya ce Allahu Akbar a hankali. Ni kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Muka ɗaure noti, muka tace sabon mai da sabon ƙyalle, Buraima ya tayar da inji. Hannun ya yi rawar da ka faɗa, ya yi, ya yi, sannan ya miƙe sumul ya tashi sama. Yaya tana tsaye da sandarta ta ce, "Ashe yana sauka ya sake tashi." Buraima ya yanke filin tas, layinsa dai bai miƙe kamar naka ba, mun yi salla a kai.

Ta sa na cika mata kwalbar turare da man nan mai kyau, ta ƙulle a bakin zanenta. Daren salla bayan an sha ruwa na ƙarshe ta kira ni ta ce, "Shi aka hana shigowa. Ni wa ya hana ni fita?" Na kawo maganar gwiwa, da nisan hanya, da cewa rabonta da Gaya tun tana jegonka. Ta ce in je in gaya wa Boukari ya ajiye mata gaban mota.

Ta raba tukwanenta, ta ba Balki akuyar da take kiwo, ta bar mini tabarmar da take zama a kai. Ita ta goya ni, kuma ban taɓa kwana a garin da ba ta cikinsa ba tun da na zo Kumasi. Ina baƙin ciki ƙwarai, amma ban ce mata kada ta tafi ba.

Taraktarka tana ƙofar gida, hannunta a ƙasa, gwangwani a kan marfi, na ɗaure shi da waya saboda akuyar Sala.

Wannan takardar a hannunta za ta zo, amma na aika wa dillalin goron Gaya ya sanar da kai ranar da lori zai shigo. Ka je tasha da wuri, ka tafi da kujera. Gwiwarta ba ta son tsayuwa.

Kawunka,
Bashiru